Dunƙulen maganin ɓera mai brodifacoum: yana kisa, amma wa ke cin gawar?

Da an kawo masara gida, daga Oktoba zuwa Disamba, cinikin maganin ɓera ke tashi a shagunan kayan noma na Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada a Zariya. Cikin abubuwan da ake miƙo wa mai sito ko mai gidan kaji akwai wani ɗan dunƙule kamar gutsuren sabulu, shuɗi ko kore ko ja, sau da yawa da huda a tsakiya. Kamfanoni da dama ke yinsa, kowa da sunan da ya raɗa masa, amma in ka juya bayan ledar ko bokitin za ka ga sunan gubar da ƙananan haruffa: brodifacoum 0.005%. Shi za a duba a nan. 'Yan'uwansa bromadiolone da difenacoum da flocoumafen gida ɗaya suka fito, kuma mafi yawan abin da za a faɗa ya shafe su, sai dai shi ne na gaba wajen ƙarfi da daɗewa a jiki.

Mai shago bai yi ƙarya ba in ya ce yana aiki. Matsalarsa tana cikin kwanakin da ke tsakanin cin ɓera da mutuwarsa, kuma ba kasafai ake yi wa mai saye bayaninsu ba.

Dunƙulen hatsi ne da aka niƙa aka cuɗa da kaki irin na kyandir don kada laima ta ruɓar da shi, aka sa launi, sannan kamfanonin kirki kan ƙara wani sinadari mai tsananin ɗaci don yaro ya tofar in ya kai baki. Wancan 0.005% na nufin miligiram 50 na guba a kowane kilo, wato dunƙule mai giram 20 miligiram 1 kacal ke cikinsa. An ƙirƙiro gubar a Ingila a tsakiyar shekarun 1970, bayan tsohon maganin, warfarin, ya fara gaza kashe ɓeraye. Tun 1958 aka gano ɓerayen da suka gagare shi a Sikotland. Aikinta a hanta yake. Jiki na juya bitamin K yana sake amfani da shi wajen haɗa abubuwan da ke daskarar da jini, ita kuma gubar sai ta toshe wannan juyin. Waɗanda ke cikin jini tun farko za su ci gaba da aiki har su ƙare, daga nan jini ya soma tsiyaya ta ciki. Shi ya sa ɓera ba ya jin komai a daren farko da na biyu, yakan mutu ne tsakanin kwana 3 zuwa 7, wani lokaci har 10.

Wannan jinkirin shi ne ƙarfinsa. Ɓera dabba ce mai zargi: in ya ɗanɗana sabon abu ya ji ciwo nan take, ba zai sake kusantarsa ba. Da brodifacoum ba shi da hanyar haɗa ciwon da abin da ya ci, don haka yana dawowa. Ba a buƙatar a fara saba masa da abinci marar guba, kuma ci ɗaya ya isa.

To amma a yi lissafi. Kimanin miligiram 0.27 a kowane kilo na nauyin jiki ke kashe rabin ɓerayen da aka gwada. Ɓera mai giram 200 ke nan giram ɗaya da ɗan kai na dunƙulen ya wadace shi. Shi kuwa yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa kullum, giram 15 zuwa 20. Idan ya tarar da tulin dunƙule, a dare ɗaya zai iya haɗiye ninkin abin da zai kashe shi sau goma ko fiye, gobe ya dawo, jibi ya dawo, tunda lafiyarsa lau. Kafin ya faɗi, hantarsa da hanjinsa sun cika da gubar da ba shi take jira ba. Kuma ba ta saurin fita: a hantar ɓera rabinta kan ɗauki sama da kwana 100 kafin ya ragu.

A rana ta huɗu ko ta biyar za ka gane wanda ya ci. Ɓeran da bai taɓa yarda ido ya gan shi ba sai ga shi tsakar gida da hantsi, ya bar gefen bango yana ratsa fili, gashinsa a tsaye, yana tafiya yana hutawa. Tafin ƙafarsa da kunnensa sun yi fari fat, wani da ɗan jini a hanci. In ka buga ƙafa ma da ƙyar zai matsa. Duk wani mai neman nama a unguwar ya fi ka saurin ganinsa: mage, shirwar da ke shawagi bisa rimayen cikin birni, hankaka, kare, guza, maciji, da dare kuma mujiya. Mafarauci kullum mai rauni yake fara ɗauka, saboda haka ɓeraye masu guba ne ke fara shiga cikinsa. Abin da ya ci yau zai haɗu da wanda ya ci a watan jiya.

Farar mujiyar nan mai zagayayyar fuska, mai kwana a silin ɗin makarantu da tsofaffin sito da kogon bishiya, nauyinta bai fi giram 300 zuwa 350 ba. A wani gwaji da aka wallafa a Ingila a 1990, an ba mujiya shida ɓeraye ƙanana uku-uku masu ɗauke da brodifacoum, huɗu daga cikinsu suka mutu. A ƙasar dai, binciken gawarwakin irin wannan mujiya na shekarun baya-bayan nan yana samun burbushin waɗannan gubobi a hantar kimanin 8 cikin 10. A gonakin kwakwar manja na Maleshiya, inda ake kafa wa mujiya akwatuna don ta yi maganin ɓera, an ga yadda ta kusa ƙarewa a wata gona a farkon shekarun 1980 bayan an bar warfarin an koma brodifacoum. Wadda ba ta mutu kai tsaye ba ma, ƙaramin rauni da ya kamata ya tsaya da kansa zai iya zubar mata da jini har ta ƙare. Ba a ganin waɗannan gawarwaki, domin tana mutuwa ne a maɓoyarta bayan mako ɗaya ko biyu, nesa da siton da aka zuba maganin.

Mun san yadda ake kallon mujiya a ƙasar nan. In ta yi kuka a kan rufi sai a ce wani zai mutu, yara su fito da gwafa da duwatsu. Wanda ke son sanin gaskiyar sana'arta ya duba ƙasan inda take kwana. Zai ga wasu baƙaƙen curi kamar babban yatsa. Ba kashi ba ne, aman gashi da ƙasusuwan da ba ta iya narkarwa ne. A sa leda a hannu a fasa ɗaya da tsinke: ƙoƙon kan ɓera ne a ciki, da haƙoransa na gaba masu ruwan ɗorawa, wani lokaci biyu ko uku a curi guda. Tana cin ƙananan ɓeraye 3 zuwa 4 a dare, sama da 1,000 ke nan a shekara, ban da lokacin da take ciyar da 'ya'ya huɗu ko biyar. A ɗaya ɓangaren, ɓeran gona mai nonuwa da yawa, wanda ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cikinsa kwana 23 ne, kuma yakan zuba 'ya'ya 10 zuwa 12 a haihuwa ɗaya. Idan guba ta share ɓera da mai cinsa a lokaci guda, ɓera zai cike gurbinsa cikin watanni, mujiya da shirwa kuwa sai an yi shekaru. Mai siton da ya ce shi kullum yana zuba magani amma ɓera ƙaruwa yake, ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ji kukan mujiya a unguwarsu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ke biyo bayan rasa irin waɗannan tsuntsaye ba hasashe ba ne. A Indiya, maganin ciwon shanu mai suna diclofenac ya lalata ƙodar ungulayen da ke cin mushe, daga farkon shekarun 1990 suka ragu da sama da kashi 95 cikin ɗari kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan da ba su da iyayen gida suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wani binciken masana tattalin arziki da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 500,000 ne suka rasu a dalilin haka tsakanin 2000 da 2005. Babu wanda ya yi niyyar kashe ungulu ko ɗaya. Shanu ake yi wa allura. Ungulunmu ta gida, wadda dattawa suka tashi suka gani jere a kan rufin mahauta da bishiyoyin kasuwa, tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin masu dab da ƙarewa. A Najeriya babban abin da ya cinye ta shi ne kamu da sa mata guba da gangan don sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu, ba maganin ɓera ba, bai kamata a ɗora wa dunƙulen laifin da ba nasa ba. Sai dai wanda ya je mayankar Zango yau ya ɗaga kai ya ƙirga abin da ya gani zai san cewa tsuntsun da ake ganin ba ya ƙarewa yana ƙarewa.

Don a yi masa adalci, wannan gubar ce aka watsa da jirgi mai saukar ungulu a tsibirin South Georgia da ke kudancin tekun Atlantika tsakanin 2011 da 2015, aka ayyana shi ba ɓera a 2018, tsuntsayen tekun da ɓeraye ke cinye wa ƙwai suka farfaɗo. Amma can aiki ne na sau ɗaya a wurin da ruwa ya kewaye. Sito a Ɗan Magaji ko gidan kaji a Dakace ɓera ba ya daina shigowa daga maƙwabta da kwata da gona, saboda haka zuba gubar ba ya da ranar ƙarewa. Ƙasashen da suka fi mu daɗewa da shi sun ja masa linzami. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yanke shawarar janye shi daga kantunan da magidanta ke sayayya, a Tarayyar Turai kuma tun 2018 mai ƙarfin 0.005% na ƙwararru ne, na gida dole ya gaza 0.003%. A nan ana ɓalle bokiti a ƙulla a farar leda, ba suna ba gargaɗi.

Wanda aka ƙulla a leda kada a saya. Ba ka san me ke ciki ba, kuma in tsautsayi ya faɗa likita ma ba zai sani ba. Akan yi ungulu da kan zabo: garin da aka rina aka cura, ko wata guba dabam mai kisa nan take. Na gaskiya yana da sunan guba da ƙarfinta, da lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi. Tsohon dunƙule da ya sha zafin shago ya yi furfura ko ƙwari suka huda shi, ɓera ba ya ci.

Akwai inda za a iya cewa a yi amfani da shi: babban sito ko gidan kaji da ɓera ya riga ya yi wa kaka-gida, tarko ya kasa. A nan ma ba watsawa ake yi ba. A yanka bututun roba na ruwa mai faɗin inci 3, tsawon santimita 40, a huda shi a tsakiya, a zura waya ta cikin hudar dunƙulen a ɗaure, yadda ɓera zai ci a wurin amma ba zai ja shi waje ba. Dunƙulen da ba a ɗaure ba ɓera kan kwashe shi ya ɓoye, wata rana a tsince shi a cikin buhun masara ko kwanon kaji. A kwantar da bututun a jikin bango inda ake ganin kashi da baƙin dattin gogar jiki, a danne da bulo. Giram 20 zuwa 40 a kowane wuri, tazarar mita 5 zuwa 10. In ƙananan ɓeraye ne, giram 5 zuwa 10 a tazarar mita 2 zuwa 4, don su ba sa nisa da raminsu. A cikin gini kawai, ba a gona ba, ba bayan katanga ba.

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi: gari ya waye an ga an cinye, sai a ƙara. Waɗanda suka ci jiya sun riga sun mutu, tafiya kawai suke, ƙarin da aka yi su za su sake cinyewa su hana na baya samu. A bar bututun haka har kwana 7, sannan a sake sawa, sau uku ke nan cikin mako uku. Kuɗin magani zai ragu, gubar da ke cikin kowace gawa ma ta ragu sosai. Idan an kai kwana 35 ana ci ba a ga sauƙi ba, daga waje suke shigowa, ƙarin magani ba zai gyara ba. Da an gama a kwashe ragowar gaba ɗaya.

Daga rana ta uku har mako biyu bayan sawar ƙarshe, kowace safiya kafin a saki kaji a zagaya neman gawa da masu jan jiki. Mai rai a ƙarasa shi. A ɗauka da safar hannu ko leda biyu, a fara yayyafa ruwan bilic saboda Lassa, wadda ta fi tashi a rani daga Disamba zuwa Maris. A binne a rami mai zurfin rabin mita ko fiye, nesa da rijiya, a danne da dutse. Jefa shi bola ko kan titi, kamar yadda aka saba, miƙa wa shirwa ne hannu da hannu. A kulle mage da kare tsawon lokacin. A kuma gaya wa yaran unguwa masu haƙar gafiya, domin gafiya na cin dunƙulen sosai, kuma gashi ko dafuwa ba sa kashe gubar da ke cikin namanta, balle hanta. Duk da wannan ƙoƙari, mafi yawansu a rami da silin za su mutu inda hannu ba ya kaiwa. Maganar cewa maganin yana busar da gawa ba ta wari tallar kasuwa ce. Wanda ɓera ya mutu masa a silin a watan Afrilu zai ba da shaida.

Sauran abin da ke kan teburin mai shago ba su fi shi ba, kowanne da nasa aibin. Baƙin garin nan mai warin tafarnuwa, zinc phosphide, yana kisa cikin sa'o'i kuma ba ya taruwa a nama kamar brodifacoum, don haka haɗarinsa ga mujiya ya fi sauƙi. Amma ba shi da makari, yana kashe kaji da zabi da tantabaru in suka tsattsaga, kuma ɓeran da ya ɗanɗana bai mutu ba ya yi masa sallama ke nan. Fiya-fiya da Sniper na ƙwari ne, zuba su a tuwo don ɓera ganganci ne a gidan da ke da yara. Allon gam yana kama duk abin da ya taka: ƙadangare, tsaka, 'yan tsaki, da jaɓa, wadda ba ma ɓera ba ce, ƙwari da kyankyasai take ci, warinta ne kawai ya ja mata baƙin jini. Ƙurar hunturu kuma kan kashe danƙonsa cikin kwana biyu.

Ga gidan zama da ƙaramin shago, tarkon ƙarfe mai maƙe wuya ya fi dunƙulen ta kowace fuska in an iya kafa shi. Masu cewa ba ya kamu galibi guda ɗaya suka saya suka ajiye a tsakiyar ɗaki. A sami goma ko fiye. A sa musu ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, a ɗaure da zare, a bar su ba a ɗana ba dare biyu ko uku har ɓeraye su saki jiki, sannan a ɗana su duka a dare ɗaya. Bakin tarkon ya fuskanci bango, ba a kwance a jikinsa ba, domin ɓera gefen bango yake bi ta kowane ɓangare. Daren farko ne ke da kamu mafi yawa. Gawar tana hannunka da safe, ba guba a cikinta.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Siton da buhuna ke zube a ƙasa sun jingina da bango, ga tsabar masara a warwatse, ko wane magani aka sa ɓera zai fi son masarar. A ɗora buhuna a kan katako, a bar ratar rabin mita ko fiye tsakaninsu da bango don a iya zagayawa da tsintsiya da tocila. Ƙaramin ɓera na wucewa ta kafar milimita 6, kaurin fensir, matashin babba kuma ta milimita 12. Ƙasan ƙofa a buga mata falange, tagogin iska a sa ragar waya mai ido milimita 6, ramukan bango a cusa musu tsakuwa ko fasasshiyar kwalba a shafe da siminti, a sare reshen da ya taɓa rufi. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana tsare warin hatsi, amma in an jingina shi inda ɓera ke bi zai huda shi, huda ɗaya kuma ta ɓata aikinsa. Duro mai murfi ya fi aminci ga abincin gida. Mai gonar da ke son ma'aikacin dare kyauta zai iya kafa akwatin katako a inuwa, mita 3 ko fiye daga ƙasa, da ƙofa mai faɗin santimita 12 ko 13 da zurfin santimita 45 daga ƙofar zuwa ƙasansa don kada 'ya'yan su faɗo. Sharaɗin shi ne ba a haɗa akwatin mujiya da dunƙulen a gona ɗaya.

Idan yaro ya ci, kada ganin yana wasa lafiya ya ruɗi kowa, alamun ba sa fitowa sai bayan kwana biyu zuwa biyar: jini a dasashi, haɓo, fitsari ja, tabo a fata ba tare da an buge ba. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri a zauna jira. A kai shi asibiti a ranar, da ledar maganin a hannu. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika na iya gwajin daskarewar jini. Kare ko mage kuma za a ga kasala, dasashi ya yi fari, numfashi sama-sama, a nufi asibitin dabbobi na ABU da ke Samaru ko likitan dabbobi mafi kusa. Makarinsa bitamin K1 ne, ba K3 da ake zuba wa kaji a ruwa ba, kuma allura ɗaya ba ta isa: a kare akan yi mako 3 zuwa 4 ana bayarwa, a sake gwada jini kwana biyu ko uku bayan an tsaya, domin in gubar da ke hanta ba ta gama fita ba jinin zai sake ɓallewa.